Tikitin Nababa

Khartum,
20 ga Satumba, 1999.

Zuwa ga Kawu Kalilu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Lafia da na Ashige. Wasiƙarka ta iso tare da hoton da ka sako. Ranar Juma'a na kai wa Kaka Batulu can Madani. Ta kara hoton kusa da ido, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce kunnuwan dai na Nababa ne, amma wannan furfurar ba ta san ta ba. Shekara hamsin ke nan rabonta da ƙanenta. Yana da shekara goma sha ɗaya ta bi mijinta aikin Hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka zauna. Ka yi haƙuri da Hausata, ta sha Larabci, bokon kuwa wurin ɗaliban Nijeriya na koya a jami'a.

Jikin Kaka da sauƙi, amma ba sosai ba. Ƙafafunta suna kumbura. Likita ya ce zuciya ce, ya kuma hana ta doguwar tafiya. In za su ga juna, sai dai shi ya zo.

Ga hanyar da na gani. Aikina duba ingancin ƙaro ne a wani kamfani mai fitar da shi waje, don haka ina yawan tafiya. Kamfanin jirgin da muke hawa yana rubuta wa fasinja maki a kan kowace tafiya. In makin suka taru, sai a karɓi tikiti da su, ba a biyan kuɗin kujera. Shekara uku ina tarawa, yanzu ina da dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu. Daga Kano zuwa Khartum da komawa maki dubu arba'in ne in ba lokacin cunkoso ba. Lokacin Hajji ko Umrar azumi kuwa dubu sittin. Harajin filin jirgi ni zan biya.

Sai dai makin za su mutu ranar ƙarshe ta Disamba in ban yanki tikiti ba, kuma kujerun da ake bayarwa da maki ba sa wuce biyu ko uku a kowane jirgi. Ka tambayar mini Kaka Nababa ko yana da fasfo, da lokacin da gona za ta sake shi.

Kaka ta yi masa magana a kaset, zan aiko ta gidan waya. Ka rubuto mini cikakken sunan da zan sa.

'Yarka,
Zuhra.

Lafia,
14 ga Oktoba, 1999.

'Yata Zuhra,

Bayan gaisuwa, muna nan lafiya, damina tana sallama. Allah ya ba Gwaggo Batulu sauƙi. Hausarki ba ta da laifi. Mahaifina da Gwaggo 'ya'yan wa da ƙane ne, amma ban taɓa jin muryarta ba, saboda haka ni ma ina jiran kaset ɗin nan.

Ranar Asabar na je Ashige, na tarar da Baffa Nababa a gindin mangwaro yana ware irin doya. Na yi masa bayanin maki da Hausa, na sake da Gwandara, yana kallona kamar ina karanta masa dokar haraji. Maƙwabcinsa Akaa, mutumin Tibi ne mai dillancin doya, yana zaune yana saurare. Can ya ce, "Malam, kana wahala banza. Baba, gyara ne. Ka saya doya ƙwarya goma wurina, na ɗora maka guda biyar a kai."

Baffa ya ce, "Jirgin sama ma yana gyara?"

Na ce yana yi.

Sai ya ce, "To yarinyar nan ta yi ciniki da yawa. Amma gyaran nata ne, me ya sa za ta ba ni?" Na ce wannan tambaya sai ya je ya yi miki da bakinsa. Ya ci gaba da ware iri, sai da na tashi tafiya ya ce zai je.

Sharaɗinsa biyu. Ba zai tafi ba sai an gama haƙar doya an yi ƙaramar Sallah, kuma zai dawo kafin ruwan fari. Wato ƙarshen Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu. Na duba kalanda, wannan ya faɗa tsakanin azumi da jigilar alhazai, daidai da makinki.

Ba shi da fasfo. Za mu nema, tare da katin allura da biza daga Abuja. Ya ce ƙwarya biyu ta doya, wato guda ɗari biyu, da buhun riɗi ɗaya za su ɗauki wannan, kuma kada ki aiko da ko sisi. Zuwa Kano ba sai mun shiga tasha ba. Motar Akaa tana kai doya can kowace Juma'a ta Akwanga da Jos, ya ba shi gidan gaba kyauta. A Kano zai sauka wurin wani abokina da muka yi aikin jarida tare, gidansa ba nisa da filin jirgi.

Sunan da za ki sa kuwa, Nababa Tanimu. Da shi kowa ya san shi daga Ashige har kasuwar Lafia, ba zai ɓata ba.

Kawunki,
Kalilu.

Khartum,
9 ga Nuwamba, 1999.

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Kaka ta kwana huɗu a asibiti makon jiya, ruwa ya taru mata a ƙirji, amma an sallame ta. Da na karanta mata labarin gyara ta yi dariya har sai da tari ya tsayar da ita.

An yanki tikiti. Ranar da wasiƙarka ta iso na je ofishin jirgi, na tarar kujera ɗaya ta rage a watan Janairu, na karɓe ta nan take. Zai tashi daga Kano ranar Litinin 24 ga Janairu, ya koma 21 ga Fabrairu. Jirgin yana yada zango a Njamena, amma ba a sauka, don haka ba zai ruɗe ba. An yarda masa kaya kilo ashirin. Ga kwafin takardar, ainihin tikitin zai karɓa a ofishinsu na Kano da fasfonsa.

Ma'aikaciyar ta jaddada mini cewa tikitin maki ba a canza masa suna. Na ce ba komai, kawuna aikinsa ke nan duba rubutu, sunan daga hannunsa ya fito.

Maki dubu ɗaya da ɗari biyu suka rage mini. Ban taɓa jin daɗin talauci irin wannan ba.

'Yarka,
Zuhra.

Lafia,
2 ga Disamba, 1999.

Zuhra,

Muna lafiya. Kaset ya iso, Baffa ya saurara sau uku, ya hana kowa zama kusa. Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya.

Akwai matsala, kuma daga gare ni take. Zan faɗa miki yadda take ba tare da kwana ba.

Fasfo ya fito ranar 22 ga Nuwamba. Sunan da ke ciki Muhyiddin Tanimu. A takardar da kika aiko kuwa an buga Nababa Tanimu.

Nababa ba suna ba ne. Kakansu, wanda ya kafa gidanmu a Ashige, kuma a hannunsa Gwaggo Batulu ta tashi, sunansa Muhyiddin. Da aka haifi Baffa aka mayar masa da sunan. Mahaifinsu ba zai iya kiran sunan ubansa ba, sai ya riƙa ce wa yaron Nababa, gida duka ya bi. Yau shekara sittin da ɗaya ba wanda ya kira shi da sunan yanka a gidan nan. Da jami'in fasfo ya tambaye shi, sai da ya waiga ya ga ko akwai ɗan gida kusa, ya gan ni, ya faɗa ƙasa-ƙasa. Haka yake a takardar harajinsa da katin ƙungiyar manoma, haka aka buga.

Na ɗauko wasiƙarki ta farko na sake karantawa. Kin yi maganar kaset, sai kika ce in rubuto sunan da za ki sa. Na ɗauka sunan bayan ambulan kike nufi, na ba ki wanda ɗan aiken gidan waya zai gane. Shekara ashirin da biyu ina duba kuskure kafin a buga, goma sha shida a jarida a Kaduna, shida a maɗaba'ar nan. Abin da nake fara koya wa kowane sabon ma'aikaci shi ne, in jimla tana iya ɗaukar ma'ana biyu, ya tashi ya je ya tambaya. Ni ban tambaya ba.

Ki je ofishin jirgi kafin wata ya ƙare, ki ga ko za a soke wannan a yanki wani da sunan fasfo. Gidan waya yana cin mana mako biyu zuwa uku, ba mu da su. Na rubuta lambar faks ta shagon Raymond a bayan takardar nan, kusa da maɗaba'armu yake. Ki amsa ta nan.

Ban gaya wa Baffa ba tukuna.

Kalilu.

Khartum,
22 ga Disamba, 1999.
(Ta faks)

Kawu,

Barka da shan ruwa. Ina garin Ubayyid wurin sayen sabon ƙaro, wasiƙarka ta yi kwana shida a kan tebur kafin in dawo. Na karanta ta a tsaye.

Ba kai kaɗai ba ne. Tun ina goye nake jin Kaka tana cewa Nababa, ban taɓa tambaya ba. Mu a nan wannan al'ada ta fara sakin mu, ƙanena ma sunan kakanmu na wajen uba gare shi, kuma da shi ake kiransa cin abinci.

Jiya na wuni a ofishin jirgi. Ba a canza suna. In na soke, za a mayar mini da makin amma a cire tarar dubu biyar. Abin da zai rage dubu talatin da shida da ɗari biyu, bai kai Kano ba. Na tambayi kuɗin tikiti na sosai, albashina ne na wata huɗu. Akwai wani dattijo a ofishin da ya ga na ƙi tashi, ya kira ni gefe. Ya ce su abin da suke dubawa fasfo ne. In sunan Nababa ya fito a wani shafi na fasfon da hatimin hukumarku, mai yiwuwa a bar shi ya hau. Ya ce mai yiwuwa, bai ce tabbas ba.

Saura kwana tara makin su mutu. In na soke yanzu, zan iya zuwa Jidda da abin da ya rage. In na bar tikitin kuma aka hana shi hawa, shekara uku ta tafi a banza, kuma ban san ko Kaka za ta jira wasu ukun ba. Na bar shi. Sauran aiki yana wurinka.

Ban gaya mata ba. Ta sa an shafe ɗakin baƙi da farar ƙasa, duk lokacin da muka yi magana tana tambayata kwana nawa ya rage. Ta ce a gaya masa ya zo mata da gishirin Keana. Na tuna mata likita ya hana ta gishiri. Ta ce ba ci za ta yi ba, gani za ta yi.

Zuhra.

Lafia,
11 ga Janairu, 2000.
(Ta faks)

'Yata Zuhra,

Barka da Sallah, da fatan Gwaggo ta yi Sallah lafiya. An yi ta cewa na'urorin duniya za su manta komai in sabuwar shekara ta shiga. Na ɗan sa rai na kamfanin jirginku za su manta da sunan, amma na ji ba abin da ya same su.

Na je ofishin fasfo na tambaya. A fasfo akwai shafin ƙarin bayani. Suna iya rubuta wani suna a nan in an kawo takardar rantsuwa daga kotu da sanarwa a jarida. Wannan sanarwa na san ta kamar tafin hannuna, na duba dubbanta: ni wane, da aka sani da kaza, daga yau a san ni da kaza.

Na je Ashige na gaya wa Baffa komai, har da laifina. Bai yi faɗa ba. Amma da na karanta masa sanarwar, ya ce in sake. Na sake.

Ya ce, "Wato in tsaya gaban alƙali da azumi a bakina, in rantse na ajiye sunan da aka yanka mini rago da shi? A kuma buga a jarida kowa ya gani?"

Na ce a takarda ne kawai.

Ya ce, "Kai da kake cin abinci da takarda, kai ne za ka ce mini kawai? Batulu ta tafi, Baba ya tafi, tsohon gidan ya rushe. Sunan nan ne ya zauna. Ba zan sayar da shi don kujera ba."

Akaa ya sa baki, ya ce, "Baba, ka ajiye shi wata ɗaya, in ka dawo ka ɗauka abinka." Baffa ya ce suna ba fartanya ba ne. Daga nan ya shiga gida.

Kwana biyu ina juya maganar. Sai na ga ai gaskiyarsa ce, kuma kuskuren irin na farko ne: na ɗauko jimlar da na saba da ita ban duba ko ita ake bukata ba. Ba wanda ya nemi a canza suna. Abin da ake so a tabbatar shi ne mutumin ɗaya ne. Na zauna na rubuta wata:

"Ni, Muhyiddin Tanimu na Ashige, ni ne kuma Nababa Tanimu. Sunayen biyu na mutum ɗaya ne, kuma ba a ajiye ko ɗaya ba."

Na koma na karanta masa, na tsallake sunan farko da ɗan tari, ya gane. Ya ce, "Wanne ne a gaba?" Na ce na kakanku. Ya ce, "To buga."

Mun yi rantsuwa a kotu ranar 4 ga wata. Sanarwar ban ba kowa ba, da kaina na kai Kaduna, na roƙi tsoffin abokan aiki su bar ni in ga shafin kafin a ɗora a inji. Allah ya sa na roƙa. An buga Nabada. Na gyara da jan biro, na tsaya har aka sake haɗawa. Ta fito ranar 7.

Jiya na miƙa fasfo da takardun. Jami'in ya karanta, ya ce bai saba ganin irin wannan lafazi ba, sai ya nuna wa na gaba da shi. An ce in koma ranar 19. Daga nan sai Abuja don biza, mota kuma ranar 21 take tashi. Ba sarari ko na kwana ɗaya. Na aika Keana a sayo gishiri, ko yaya ta kasance.

Kawunki,
Kalilu.

Lafia,
21 ga Janairu, 2000.
(Ta faks)

Zuhra,

An rubuta, an buga hatimi, a shafin ƙarin bayani. Na duba baƙi ɗaya-ɗaya. Biza ta samu jiya da la'asar. Yanzun nan motar Akaa ta tashi, Baffa yana gidan gaba da jaka a cinya. Kayansa kilo goma sha tara: gishiri, daddawa, doya huɗu da ya zaɓa da hannunsa, da kaftani biyu. Na sa masa yankin jaridar da takardar kotu cikin fasfon, na nuna masa shafin da zai buɗe. Abokina zai raka shi har bakin kanta.

Abin da ya rage ba a hannunmu yake ba.

Kalilu.

Madani,
30 ga Janairu, 2000.

Kawu Kalilu,

Gaisuwa daga gare ni, da Kaka Batulu, da Kaka Nababa wanda ke zaune a gabana yana cewa shayin Sudan sukari ne da aka ɗiga wa ruwa. Duk muna lafiya. Na san faks ɗina na ranar Talata ya gaya maka ya iso, ga sauran labari.

Ya ce a Kano ma'aikacin ya dubi tikiti, ya dubi fasfo, ya girgiza kai. Shi kuwa ya miƙa hannu ya buɗe masa shafin. Aka kira babba. Babban ya karanta, ya karanta jaridar, ya tambaye shi, "Baba, sunan kakanka aka sa maka?" Ya ce e. Mutumin ya ce shi ma Abba ake ce masa a gida, ya sa hannu.

Daga Khartum muka ɗauki motar safe zuwa Madani. Kaka tana zaune a bakin ƙofa tun hantsi. Da ya sauko ba ta tashi ba, ƙafa ba ta bari. Ya durƙusa a gabanta. Ta kama kunnensa, ta yi masa magana da wani harshe da ban taɓa jin ta yi ba duk rayuwata. Ya amsa. Ashe Gwandara tana nan a bakinta shekara hamsin, ba wanda za ta yi da shi. Na bar su na shiga ciki.

Sai washegari na ba ta labarin sunan, tun daga kaset har jan bironka. Ta ce a kawo mata takardun biyu. Ta riƙe tikiti a hannu ɗaya, fasfo a ɗayan, ta ce in karanta mata. Na karanta na tikiti. Da na buɗe fasfo na fara, ta ɗora yatsa a bakina. Ta ce, "Wannan ta jirgi ita ce mai tarbiyya. Fasfon ne ba shi da kunya." Ta ce in gaya maka ba ka yi kuskure ba, ka rubuta abin da ɗan gidan ya kamata ya rubuta. Na ce zan faɗa, amma ba na jin za ka yarda.

Gishirin yana cikin ƙaramin kwano kusa da gadonta. Ba ta ci ba. Takan dangwala da yatsa ta shinshina.

Maki dubu ɗaya da ɗari biyun nan sun mutu ranar da aka ce. Ban yi musu zaman makoki ba.

Jiya likita ya zo. Bayan ya fita na zauna ina lissafin kwanakin da suka rage kafin 21 ga Fabrairu, ban san a fili nake yi ba. Kaka ta ji. Ta ce in daina ƙirga. Ta ce ita cinikinta ya ƙare tuni, an auna mata mudunta ya cika. Wannan watan gyara ne aka ɗora mata a kai, kuma ba a ƙirga gyara a gaban mai kaya.

A gaida Akaa, a gaida mutanen gida.

'Yarka,
Zuhra.